Yadda Za Ka Sayi Gida Mai Sassa Biyu Ba Tare da Ka Sayo Wa Kanka Rigima Ba

Abin da ke jan mutane zuwa ga gida mai sassa biyu, wanda ake kira dufuleks, lissafi ne mai daɗin faɗa: ka zauna a sashe ɗaya, ka sa ɗan haya a ɗayan, kuɗin hayarsa ya riƙa rage maka bashi. Wani kuma rabin ginin kawai zai saya, tunda ya fi gida sukutum sauƙin kuɗi. Akwai waɗanda wannan lissafi ya yi wa rana, ban musa ba. Sai dai duk wanda ya sa hannu a kan irin wannan gida ya ƙulla zama da wani mutum a bayan bango, ko ɗan haya ko abokin mallaka, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga wannan zaman take fitowa, da kuma takardun da aka ƙi karantawa.

Ginin da nake nufi shi ne mai mazauni biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowanne da ƙofarsa da kicin da banɗakinsa, ko gefe da gefe, ko ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga gari zuwa gari, don haka misalan da zan kawo na nuna maka irin tambayar da za ka yi ne. Amsar tana wurin lauyan inda gidan yake.

Mataki na 1: Gano ainihin abin da ake sayar maka

Kafin ka yaba fenti da tayil, nemi kwafin takardar mallaka. Gine-gine biyu na iya zama iri ɗaya sak a ido, amma a takarda sun sha bamban.

Wani ginin takarda ɗaya ce ta rufe shi gaba ɗaya, ana sayar maka da sassan biyu, ka zama mai gida kuma mai ba da haya. Wannan ya fi sauƙin fahimta. Wani an raba filin gida biyu a hukumance, kowane sashe da takardarsa, iyaka ta ratsa ta tsakiyar bango. Wani kuma cikin sashenka ne kawai naka, amma fili da rufi da harabar na tarayya ne. A Ostareliya, jihar da birnin Sidni yake ta kafa dokar irin wannan mallaka tun 1961, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Akwai kuma inda ba a sayar maka da ƙasar kwata-kwata, haƙƙin zama na wasu shekaru ake sayar maka, kamar 99 ko 125 da aka saba gani a Ingila. A can, da zarar shekarun da suka rage suka yi ƙasa da 80, darajar gidan kan fara sauka, bankuna su fara ja da baya.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne wannan: a ce maka ka sayi "ɓangaren hagu", alhali takarda ɗaya ce, ba a taɓa raba filin ba. A idon doka ba ka mallaki ɓangaren hagu ba. Rabin komai ka mallaka, rabin ɗakinka da rabin ɗakin maƙwabcinka, shi ma haka. Idan ya ci bashi da rabonsa ya kasa biya, ko ya rasu magada suka taso, ko ya shigar da ƙara a raba dukiya, kotu na iya ba da umarnin a sayar da ginin duka, har da inda kake kwana. Ba na cewa kada a taɓa sayen irin wannan, amma kada ka biya shi da farashin gidan da ke da takardarsa shi kaɗai, kuma kada ka shiga ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da ɗaya mai rabon ba.

Mataki na 2: Ɗauki lauyanka, ka sa ya binciki rajista

Lauyan mai sayarwa mai sayarwa yake karewa. Dillali kuwa la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Nemi lauyan da kai kake biya, wanda ya saba da harkar filaye.

Aikinsa na farko shi ne ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa. Daga nan ya duba ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai harajin da ba a biya ba, ko hukuncin kotu da aka rataya wa gidan, ko ɗan kwangilar da ya yi aiki ba a sallame shi ba ya shigar da da'awa. A wurare da yawa irin waɗannan basussuka gidan suke bi, ba mutumin da ya ci su ba. Idan gidan gado ne, kowane magaji sai ya sa hannu ko wakilin da kotu ta amince da shi. Idan wani ne ke sayarwa da takardar wakilci, a nemi mai gidan a ji daga bakinsa.

Sannan ka kira safiyo ya auna. A gida mai sassa biyu taku ɗaya ma magana ce. Sau da yawa katangar da ta raba bayan gida ba a kan iyaka take ba, ko hanyar shigar mota ta bi ta filin maƙwabci. Idan haƙƙin wucewar ba a rubuce yake ba, ranar da kuka saɓa zai iya rufe ta.

Mataki na 3: Tambayi hukuma ko ta san gida biyu ne

Wannan tambaya mutane kaɗan ne ke yin ta. Gidaje da yawa an gina su ne na iyali ɗaya, daga baya mai gida ya ja bango, ya fasa ƙofa, ya ƙara kicin, ya fara karɓar haya biyu ba tare da izini ba. Je hukumar tsara birane ka nemi zanen ginin da aka amince da shi da takardar izinin zama, ka riƙe su a hannu ka zaga gidan kana gwadawa. Idan zane ya nuna kicin ɗaya kai kuma kana ganin biyu, tsaya nan.

Laifin na wanda ya gina ne, amma hukuncin a kanka zai sauka: tara, umarnin rushe abin da aka ƙara, ko hana ka sa ɗan haya. A wasu wuraren ma ɗan haya na iya ƙin biya idan sashen haramtacce ne, kotu kuma ba za ta taya ka karɓa ba. Akwai kuma gidan da aka gina bisa ƙa'ida tun da, daga baya dokar unguwar ta canza. Ana ƙyale shi yadda yake, amma idan gobara ta ci kaso mai yawa, ba lallai a bar ka ka sake gina shi mai sassa biyu ba. Ka sa lauya ya samo amsar wannan a rubuce.

Mataki na 4: Bi duk abin da ya haɗa sassan biyu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin wannan gida bangon ma na mutum biyu ne. Kawo injiniyan gini mai zaman kansa, ka bi shi ƙafa da ƙafa, kuma ka dage sai an buɗe muku sassan biyu ko da ɗaya za ka saya. Tushen gini ɗaya ne. Idan ya zauna a can, zai ja naka.

Ku hau cikin silin da tocila. Bangon da ya raba ku ya kamata ya kai har ƙarƙashin rufi. Idan ya tsaya a daidai silin, sama a buɗe take, wuta da hayaƙi da ɓarawo duk za su iya ƙetarowa. Kundin ƙa'idar gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke aiki da shi ya nemi abin da ya raba mazauni biyu ya iya jure wuta na awa 1. Idan sama da ƙasa ne, tsaya a sashen ƙasa daidai ƙarƙashin banɗakin sama ka ɗaga kai. Tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa, ko wuri ɗaya da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai, yoyo ne ake ɓoyewa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna fitilu duka a sassan biyu, ka kashe babban makunnin sashe ɗaya, ka shiga ɗayan ka ga abin da ya mutu. Na taɓa raka wani aboki duba gida, dillali ya rantse mana mita biyu ce, kowa da tasa. Mita biyun kuwa suna nan a bango. Da muka kashe ta hagu, sai firjin sashen dama ya yi tsit, injin tura ruwa na gidan gaba ɗaya ma ya tsaya. Shekara da shekaru mai sashen hagu ke biya wa maƙwabcinsa wuta bai sani ba. Ka yi irin wannan da ruwa: rufe babban famfo na sashe ɗaya, ka buɗe famfunan ɗayan. Ka tambayi ta ina bututun ƙazanta ya bi, domin idan ɗaya ne, ranar da ya toshe sai an san wanda zai biya.

Idan tsohon gini ne, a duba fenti mai gubar dalma da kwanon asbestos. A Amurka dole mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani game da dalma, a kuma ba mai saye kwana 10 ya yi gwaji.

Bayan ido ya gani, sai takarda. Idan rabi za ka saya, tambayi ko akwai yarjejeniyar bangon tarayya da aka yi wa rajista tare da takardar mallaka. Ya kamata ta faɗi yadda ake raba kuɗin gyaran rufi da tushe da magudanar ruwa, wanda ke yanke shawara idan ɗaya ya ce a gyara ɗaya ya ce a jira, ko wani na da ikon ƙara bene ko fasa bango, da yadda za a sasanta kafin a kai ga kotu. A Ingila da Wels akwai doka ta 1996 da ta tilasta wa mai son taɓa bangon tarayya ya ba maƙwabcinsa sanarwa a rubuce wata 2 kafin fara aiki. Inda babu irin wannan doka, yarjejeniyarku ce kaɗai garkuwarka. Alkawarin baki da tsohon mai gida ya yi da maƙwabci ya tafi da tsohon mai gida.

Kuma ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin nan ku gaisa. Minti goma na hira, da kallon yadda ya riƙe nasa ɓangaren, za su gaya maka abin da injiniya ba zai rubuta ba. Rufinsa idan ya ruɓe, darajar gidanka ce ke zubewa.

Mataki na 5: San ɗan hayan da za ka gada

A mafi yawan dokoki sayar da gida ba ya kashe yarjejeniyar haya. Ka gaji mutumin, da farashin da yake biya, da wa'adinsa, da duk alkawarin da aka yi masa. Nemi kwafin yarjejeniyar, da shaidar biya ta banki ta aƙalla wata 12, ba jerin da mai gida ya rubuta da hannunsa ba. Sannan a sa ɗan hayan da kansa ya sa hannu a takarda mai cewa: nawa nake biya, na biya har zuwa wata kaza, na ajiye kuɗin jingina kaza, babu wata yarjejeniya a gefe. Ta nan ake gano wanda ya riga ya biya hayar shekara gaba, ko wanda aka yi wa alkawarin shi za a fara yi wa tayin gidan idan an tashi sayarwa.

Kuɗin ajiyar ɗan haya dole a miƙa maka shi ranar ciniki, don kai zai tambaya ranar tashi. A Ingila doka ta ce a sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, in ba haka ba kotu na iya cin tara har ninki 3.

Idan so kake ka karɓi sashen babu kowa, a rubuta cewa ba za ka biya cikon kuɗi ba sai an miƙa maka shi fayau. Tashin ɗan haya ta hanyar kotu kan ɗauki watanni. Canza kwaɗo ko yanke wuta da ruwa don ya gaji ya fita laifi ne a ƙasashe da yawa, sai ka wayi gari kai ne ake tuhuma.

Mataki na 6: Yi lissafi kamar ɗaya sashen babu kowa

Nan ne zuciya ke yaudarar mutum. Mu ɗauki misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce abin da za ka riƙa biyan banki a wata 100 ne, hayar ɗaya sashen kuma 60. Dillali zai ce maka 40 kawai za ka riƙa cikawa. To, a ce sashen ya zauna babu kowa wata ɗaya a shekara, 60 ɗin nan ta koma 55. Cire gyare-gyare da inshora da harajin gida, a ce 15. Saura 40. Ashe 60 za ka riƙa cikawa, a shekarar da komai ya tafi daidai ke nan. Idan ɗan haya ya daina biya wata 6 kuna zaryar kotu, 600 za ka fitar daga aljihunka a maimakon 240 da dillali ya lissafa maka, ban da kuɗin lauya.

Mai gidaje ashirin idan ɗaya ya zauna fanko bai ji komai ba. Kai ɗan haya ɗaya gare ka, idan ya tafi kuɗin haya ya tafi ɗungurungum. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: albashina ko ribar sana'ata kaɗai za ta iya ɗaukar bashin nan wata 6 a jere? Idan amsar a'a ce, gidan ya fi ƙarfinka a yanzu, ko da banki ya yarda ya ba ka.

Bankuna ma sun san da haka. A Amurka an saba ƙirga kashi 75 cikin 100 ne kawai na kuɗin haya idan ana auna ƙarfin mai neman bashi. Kai ma kada ka fi banki kyautata zato. Ga gyara kuwa, ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne a ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara, tsohon gini ya fi haka. Ka tuna komai biyu ne: kicin biyu, banɗakuna ninki biyu, na'urar dumama ruwa biyu, kuma tunda rana ɗaya aka sa su, kusan lokaci ɗaya suke mutuwa.

Mataki na 7: Banki, inshora da haraji

Tambayi ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Babban bankin Ingila ya ɗaga nasa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a watan Agustan 2023, masu bashi mai motsi suka ji a jikinsu, alhali ba za ka iya ƙara wa ɗan haya kuɗi a tsakiyar wa'adinsa ba. Idan ta tsarin da babu ruwa za ka bi, irin murabaha ko musharaka, karanta sunan wa zai kasance a takardar mallaka kafin ka gama biya, da abin da zai faru idan ka makara.

Kada ka yi wa banki ƙarya a kan zama. Bashin wanda zai zauna a gidan ya fi na mai saye don ba da haya sauƙi, shi ya sa wasu ke cewa za su zauna alhali ba su da niyya. A Amurka, lamunin da hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, wato FHA, ke tsaya wa yana barin mutum ya sayi gida mai sassa har 4 da kafin alƙalami na kashi 3.5, bisa sharaɗin ya tare cikin kwana 60 ya kuma zauna aƙalla shekara 1. Karya wannan da gangan zamba ce, banki na iya neman kuɗinsa duka nan take.

Kamfanin inshora ma ka gaya masa gaskiya cewa akwai ɗan haya. Inshorar gidan zama zalla kan ƙi biya idan ɓarnar ta fito daga sashen haya. Nemi wadda ta haɗa da raunin da wani zai ji a harabar, da asarar haya idan gidan ya lalace. Duba sharaɗin barin gida fanko, don da yawa sukan rage kariya bayan kwana 30 ko 60. Idan rabi ka saya, ka ga takardar inshorar maƙwabcinka da idonka. Gobara ba ta san iyaka ba, kuma ba a sake gina rabin rufi.

Haraji kuwa, kuɗin haya kuɗin shiga ne, ana biya a kansa. Rangwamen da ake yi wa mai sayar da gidan zamansa yawanci sashen da ya zauna kawai yake shafa. Ga akanta tun kafin saye, kuma daga ranar farko ka raba rasit ɗin sassan biyu.

Mataki na 8: Idan da ɗan'uwa ko aboki za ku haɗa kuɗi

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan kun ci bashi tare, banki ba ya cewa rabi naka rabi nasa. Kowannenku ana binsa duka. Ya daina biya, kai za a kama. Akwai kuma nau'in mallakar haɗin gwiwa da idan ɗaya ya rasu rabonsa ke komawa ga abokin kai tsaye, iyalinsa ba su samu komai ba, akwai wanda rabon ke shiga gado. Ku zaɓa da saninku. Ku rubuta wanda ya sa nawa, wanda zai zauna ina, yadda za a kimanta rabon mai son fita, da kwana nawa ɗayan ke da shi ya saya kafin a kai wa bare. Kunyar rubuta wannan ta raba zumunci da yawa.

Mataki na 9: Sa hannu da biyan kuɗi

Takardar ciniki ta ƙunshi ƙofofin fita: za a dawo maka da kafin alƙalaminka idan binciken rajista ya nuna matsala, idan injiniya ya gano babban lahani, idan hukuma ba ta san sashe na biyu ba, ko banki ya ƙi ba da bashi. Kafin alƙalamin ya zauna a asusun amana na lauya ko wani amintaccen ɓangare na uku, kada ya shiga hannun mai sayarwa ko dillali. Duk wanda ya ce maka akwai wani mai saye da kuɗi a hannu, sai ka biya yau ko ka rasa, ka bar masa gidan.

Ranar tura cikon kuɗi, kira lauyanka a lambar da ka riga ka sani ka tabbatar da lambar asusu baki da baki. 'Yan damfara na kutsawa cikin imel su aiko da sabon asusu a daidai wannan rana. Da safe ka sake zaga gidan, ka ɗauki hoton kowace mita da lambar da take kai, ka karɓi makullan sassan biyu da asalin yarjejeniyar haya. A ba ɗan haya takarda mai sa hannunka da na tsohon mai gida, mai nuna inda zai riƙa biya daga yanzu. Sannan ka bi lauyanka har sai sunanka ya shiga rajistar filaye, ka karɓi kwafin da ofishin ya buga wa hatimi.